Sandunan Hagu

Ƙofar Sauri, Katsina
6 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Sagir,

Lydia matar Joseph mai gyaran rediyo ce ke rubuta mani wannan, ta gidan da ke jikin namu. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mani baki irin na ofis ɗinsu. In ka ji magana ta yi kaushi, tawa ce, ba tata ba.

Ina gaishe ka, ina gaida Fadila da yara. Ya zafi, ya aiki? Mu nan lahiya lau, sai ƙafar da ka sani.

Ado direba ya kawo takardarka, an karanta mani sau biyu. Ga abin da na gane. Soja za su koma bariki ƙarshen wata. Kanar ɗin da ya ɗauke ka aiki a filin golf an ce ya tattara nashi, farar hula za su amshi kulob ɗin. Ku uku ke koya wa manya wasan, su kuma mutum guda suke so. Ranar sha tara ga watan gobe za a gwada ku, wanda ya ci ya zauna, sauran su bar aiki su bar ɗaki. To na ji. Tun ranar tuwo bai yi mani daɗi ba, amma na ji.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar da sandunan babanka a sayo sababbi. Shekara ashirin da biyu yana saɓe da jakar nan bayan Baturen gyaɗa, cikin rana, kafin Baturen ya bar mashi ita ranar da zai tahi ƙasarsu. Da su ya koya wa manyan garin nan wasa, da su aka ciyar da ku bakwai. Ba son su nake ba. Ni ban taɓa ganin amfanin babban mutum ya bugi ƙwallo ya kuma bi ta da ƙafa ba. Amma na san suna kawo hatsi, sababbin kuwa ban san su ba.

In kan sanda ya kwance, akwai maƙera a Kaduna. In ta tsage, a ɗaure. Ba a sauya kayan aiki ana saura kwana arba'in gwaji, ko mai dakan kuɗi ta san wannan.

Ka gaida Fadila, ka ce ta rage kuka, ba ya ƙara komai. Allah shi taimaka.

Uwarka,
Delu

*

Kaduna
11 ga Mayu, 1999

Zuwa ga mahaifiyata Inna Delu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gida da maƙwabta, musamman Maman Elisha da ke wahalar rubutu. Allah ya saka mata.

Inna, na ji maganarki, ba kuma zan ƙetare ta ba. Amma ina roƙo ki saurare ni sau ɗaya. Ranar Asabar ina nuna wa wani Manjo bugu, kan babbar sandar ya fita ya yi sama, ya faɗa gaban matarsa tana zaune. Ƙiris ya rage. Na ga sakataren kulob ya rubuta wani abu. Sanduna tara ne, uku suna girgiɗi, babbar ta tsage tun daga wuya. Abokan gwajina biyu sandunansu na ƙarfe ne masu sheƙi, ƙwallonsu tana wuce tawa da taku talatin ko da ban yi kuskure ba.

Da zan iya ara, da ban dame ki ba. Kin san matsalata. Baturen Baba bahago ne, sandunansa na hagu ne, ni ma da hagu nake bugu. Kan sandar a karkace yake ɓangare ɗaya, ta dama ba ta yi wa bahago aiki ko kaɗan. Duk kulob ɗin nan ba mai irin nawa, kantunan Kaduna ma na zaga babu. Sai Ikko, wurin masu sayar da na hannu da ake kawowa daga waje.

Na ji Baban Fadila zai tafi Ikko sarin kaya ƙarshen wata. Ni ba zan iya tunkarar surukina da aike ba, sai ke. Ga takarda na haɗo da Turanci, sunayen sandunan ne, layin ƙarshe kuma ya ce na hagu. A miƙa wa mai kanti kawai.

Maganar kuɗi, Ado ya ce Garba mai taya da ya ci kansila yana cigiyar jakar golf. Ba wasa zai yi ba, a mota yake so a gan ta. Fadila ta cire 'yan kunnenta ta ba ni. In kin amince, zan aiko da jakar Baba ranar Juma'a.

Inna, yara huɗu ne. In aka karɓe ɗakin nan ban san inda zan kai su ba sai wurinki.

Ina neman albarkarki.
Ɗanki,
Sagir Sammani

*

Ƙofar Sauri
24 ga Mayu, 1999

Sagir,

Lydia ce dai. Gaisuwa gare ka da iyali, da fatan an yini lahiya.

Na amince, ba don ka burge ni ba. Na tsaya tsakar ɗakina na auna da ido, ko an jera ku kamar buhuna ba ya ɗaukar mutum bakwai. Damina kuma ga ta nan, kusurwar gabas tana yoyo.

Jaka ta iso, na sa an kai wa Garba. Yanzu ba a ce mashi Garba, sai Onarabul. Yaron da na sha kora daga kan kaskon ƙuli-ƙulina. Ya zo da kanshi cikin riga mai aiki har gwiwa, ya zaro sanda guda ya riƙe ta kamar zai kashe ɓera. Ya ce, "Inna, wannan ai tsohuwa ce." Na ce, "Bature ne ya riƙe ta. Kai wa ka taɓa gani ya riƙe taka?" Ya yi dariya ya biya. Bai biya da kyau ba, amma ya biya.

Bai isa ba ko da 'yan kunnen Fadila. Na sayar da awakin nan biyu da gadon ƙarfe. Kada ka rubuto mani wata magana a kai, tabarma ba ta taɓa kashe kowa ba.

Jiya na tahi Ƙofar Durbi da ƙafata na sami surukinka Alhaji Gwadabe. Ya amshe ni da mutunci, ya sa an kawo fura. Ya ce ranar Lahadi zai tashi, in an gama rantsar da mutanen nan hanya ta lafa, kuma a dawowa zai biya Kaduna ya miƙa maka hannu da hannu. Takardarka duk ta yamutse a aljihun Ado, na sa Lydia ta sake kwafe ta da rubutu mai kyau na ba shi.

Garin nan ba a jin komai sai kiɗa da jiniya. Kowa ya zama ɗan'uwan wani mai muƙami. Mu ba mu da kowa, saboda haka ka riƙa fita fili kana motsa hannu ko da muciya ce.

Abu guda. Maganar hannun nan ka daina sa ta a takarda. Ado yana buɗe wasiƙun mutane, kowa ya sani.

Allah shi ba da sa'a.
Delu

*

Kaduna
8 ga Yuni, 1999

Inna,

Ina gaisuwa.

Baban Fadila ya iso jiya da la'asar. Jaka ja, sanduna goma sha ɗaya, ko ƙwarzane babu. Na buɗe a gabansa. Inna, na dama ne. Dukkansu.

Na durƙusa na yi godiya, na raka shi mota. Me zan ce wa suruki da ya ɗauko kaya tun daga Ikko? Da ya tafi na je bayan fili na gwada. Ƙwallo goma na buga, uku ban ma taɓa su ba. Masu yankan ciyawa suka tsaya suna kallona. Shekara ashirin da shida ina wasan nan, jiya na koma kamar wanda bai taɓa gani ba.

Mai kantin ba ya karɓar kaya in sun fita, Alhaji ya faɗa da bakinsa. Na Baba sun tafi. Saura kwana goma sha ɗaya.

Na rubuta a takardar, Inna. Na tabbata na rubuta, har na ja layi a ƙarƙashi. Ban san yadda aka yi ba. Fadila ta fara ɗaure kaya a ɓoye, tana tsammani ban gani ba.

Ki yi mana addu'a.
Sagir

*

Ƙofar Sauri
10 ga Yuni, 1999

Sagir,

Lydia na rubutu tana kuka, na ce ta share ta riƙe biro. Ba laifinta ba ne.

Ka rubuta. Ni na sa aka cire. Da za ta kwafe takardar na ce ta bar layin ƙarshe. Ta ce, "Inna, anya?" Na ce taɓarya tana da hagu da dama? Gatari fa? Sanda ce, in ta ƙi ta nan sai a juya ta. Ta bi ni, don ita ma ba ta san wasan ba.

Ka ce mani kan a karkace yake, na ji da kunnena. Ban ɗauka ba. Abin da ke raina daban. Tun kana shekara biyu nake ɗaure maka hannun nan da zane lokacin cin tuwo. Na buge shi da ludayi har ludayin ya fashe. Na samu ka ci da dama, ka yi rubutu da dama, ka gaisa da dama, sai babanka ya kai ka fili ya warware mani aiki da sandunan Bature. Da aka je neman auren Fadila ba wanda ya ambata. Shekara goma sha ɗaya ina zaune da mutanen Ƙofar Durbi ba su ji daga bakina ba. Sai yanzu in ɗauki takarda in miƙa wa Alhaji Gwadabe, ya kai wa yaran shagonshi su karanta mashi, a ce mijin ɗiyarshi bahago ne? Na kasa. Shi ke nan abin da ya faru, ba wani aljani.

Yanzu ba lokacin yafiya ba ne, kada ka ɓata takarda. Ka ba Ado jar jakar nan gobe-goben nan, ko ya ce mota ta cika ka ɗora mashi a cinya. Kada ka cire ko guda. Ka ce wa Fadila ta kwance kayanta, ban mutu ba tukuna.

Delu

*

Ƙofar Sauri
17 ga Yuni, 1999

Sagir,

Gaisuwa a taƙaice, Ado da asuba zai tashi, ga Lydia ta baro girki.

Ga jakar babanka nan. Bakwai ne a ciki, ba tara ba. Ka saurara.

Kwana uku na yi a ƙofar gidan Onarabul. Mutum ya fi ɗari, masu neman aiki, masu neman taki, maroƙa, da wasu da ban ga abin da suke nema ba sai shinkafa. Na zauna kan jar jakar don kada a sace. Ranar farko aka ce yana taro. Ta biyu aka ce yana barci. Ta uku da na ga motarshi za ta fita, na ja jakar na zauna tsakiyar ƙofa. Direba ya yi ta hon. Na ce ya taka.

Onarabul ya sauke gilashi ya ce, "Haba Inna, ciniki ai ya faɗa." Na zuge jakar, rana ta haska ƙarfen. Na ce, "Sababbi daga Ikko, sha ɗaya. Ka ba ni tsofaffina tara." Ya fito ya zagaya su sau biyu, ya ce, "Me ke cikin tsofaffin da kike son su haka? Ko wani abu Malam mijinki ya binne a ciki?" Ka ji mutum. Da na ga ya fara tunanin asiri ne, zai riƙe, sai na faɗa mashi a gaban jama'ar nan duka. Na ce, "Ba komai ciki. Na hagu ne, ɗana bahago ne, kai kuma wata guda kana yawo da su kana riƙewa a juye." Wurin ya ɗauki dariya. Ya ce a buɗe but ɗin mota a ba ni kayana, da sauri.

Shida na tarar. Guda mai gadi ya kashe maciji da ita ta lanƙwashe. Guda yara sun jefa rijiya. Gajerar nan mai kai a miƙe, wadda babanka ke cewa ita ke tura ƙwallo rami, aka ce tana cikin gida wurin uwarshi, ta maida ita sandar dogarawa.

Ka san uwarshi, Binta, wadda muka yi shekaru muna suyar ƙuli-ƙuli kasko na kallon kasko. Yanzu Hajiya ce, tana kan kujera ana yi mata fifita. Ta ce, "Delu, ke ce? Ban gane ki ba, kin tsufa." Na ce, "Tare muka fara." Ta ce sandar ta yi mata daidai tsawo, likita ma ya yaba. Na ce ta ɗauki tawa. Ta ce tawa ta makafi ce. Ta ce, "Kin tuna ranar sunan Garba da kika ce man gyaɗata da gauraye?" Shekara arba'in, Sagir, tana riƙe da shi. Na ce na tuna. Ta ce to da gauraye ko babu? Na durƙusa a kan ƙafar nan mai ciwo, gaban jikokinta, na ce babu. Ta miƙo sandar. Da gauraye, Allah na gani, amma ka samu sandarka.

Babbar mai tsagewa na kai wa baduku a Ƙofar 'Yandaka, ya naɗe wuyan da jiƙaƙƙiyar fata, ta bushe ta kama kamar kuben wuƙa. Masu girgiɗi maƙeri ya sa masu ƙusa. Ya ce bai ɗauki alkawari ba.

Abin da na iya ke nan. Ba ni da sauran abin sayarwa, ba ni da sauran wanda zan durƙusa wa. Ka buga da hannun da Allah ya ba ka.

Delu

*

Kaduna
20 ga Yuni, 1999

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Fadila ta karanta takardarki, ta rufe fuska ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ba zan ɓoye miki ba, a wasa ni na zo na ƙarshe. Fatar baduku ta riƙe har rami na huɗu, a na biyar sandar ta rabu biyu a hannuna. Na ƙarasa da sauran shida. Da muka dawo rumfa na riga na fara tunanin motar da za ta kwashe mu.

Sai sabon shugaban kwamiti, wani Alhaji da bai taɓa riƙe sanda ba, ya ce shi bai ga amfanin lissafin nan ba, malami suke nema, kowa ya zo ya koya masa bugu ɗaya. Na farko ya tsaya a gefensa yana ta Turanci, Alhaji ya kai bugu ya tono ƙasa. Na biyu ya zagaya bayansa ya kama masa hannuwa, Alhaji ya ce ya sake shi, shi ba amarya ba ne. Mutane suna ta danne dariya, ransa ya ɓaci.

Ni da na zo, sai na tsaya a gabansa fuska da fuska, yadda Baba yake yi. Da yake ni hagu shi dama, duk inda na ɗaga nan zai ɗaga. Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ji komai, ɗauka madubi kake kallo." Muka ɗaga tare, muka sauke tare. Ƙwallo ta tashi. Ba ta yi nisa ba, amma ta tashi a gaban mutanensa. Ya buga uku a jere, ya cire hula ya yi fifita da ita.

Sun bar ni, Inna. Gwajin wata shida, an rage albashi, amma ɗaki yana nan. Sharaɗi ɗaya sakatare ya kafa: kafin wata shidan in nemi sanduna na mutunci, wai masu ƙusa da fata suna zubar da darajar kulob. Ban san yadda zan yi da wannan ba, amma yau yara sun ci abinci a ɗakinsu.

Ɗanki mai neman albarka,
Sagir

*

Ƙofar Sauri
23 ga Yuni, 1999

Sagir,

Lydia ce. Na ji, alhamdu lillahi. Na ƙarshe dai ka zo, kada ka manta.

Alhaji Gwadabe ya zo da kanshi, maganar ƙofar Onarabul ta kai mashi. Ya ce shi ya san kai bahago ne tun kafin aure. Mai kanti ma ya tambaye shi dama ko hagu, a gaban abokan tafiya, ya duba takarda bai ga komai ba, sai ya ce ɗan Musulmi ne, a ba shi dama. Muka zauna muna kallon juna kamar wawaye biyu. Zai koma Ikko bayan kaka. Na faɗa mashi da bakina na hagu zai sayo, ya maimaita sau biyu.

Kuɗin kai za ka tara, ni na gama. Ga sauran. Baduku an biya shi, maƙeri yana bin mu, ka aiko. Ado ya ce ba ya amsar kuɗin aike, ka ba shi ko ya ƙi. Lydia zan ba ta kaza. 'Yan kunnen Fadila suna wuyanka, su za ka fara maidawa kafin gadona. Onarabul sanda biyu muke bin shi, kada ka tambaya. Binta ba ta bin mu komai, ta amshi nata.

Karyayyar sandar ka aiko mani guntun mai tsawo, ƙofar kaji ba ta da sakata.

Uwarka,
Delu